Sabo Turken Wawa Ne? Tunani Kan Masu Ƙin Canji

A babban hutun da ya wuce na koma gida, na tarar da ƙungiyar matan unguwarmu cikin rigima. Mata talatin da biyu ne, masu tatsar man gujiya da tuyar ƙuli-ƙuli. Kowace Alhamis suna zuba dala ɗari-ɗari, jika goma sha shida ke nan a mako, kuma daga cikin kuɗin ake ba mai bukata bashi ta ƙara jari. Ma'ajiyarsu yayar babana ce, shekara goma sha ɗaya akwatin yana hannunta. Gwaggo ba ta yi lakwal ba. Lissafinta a ka yake, sai ƙwallayen aduwa da take jefawa cikin gwangwanaye, kowace mace da gwangwaninta.

Abin da ya tada rigimar, wata ta rantse ta maido jika biyar cikin bashin da ke kanta, Gwaggo ta ce jika uku ta karɓa. Babu takarda, babu shaida. Da anka kira taro sai Inna ta ce in zo, tunda ni ne ɗan jami'a. Na zo da kaye sabo da biki biyu. Na miƙe gaban iyayena na ce daga yau komai a rubuce, a naɗa wata yarinya da ta gama kwaleji ta zama sakatariya. Har na ƙara da cewa zamanin ƙirga da ƙwallon aduwa ya wuce. Wasu sunka yi dariya.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta kwance makulli daga bakin zanenta, ta aje bisa tabarma, ta ce: "To, ɗana, ga akwatinku. Allah ya ba da sa'a." Ta ɗauki takalminta ta fita. Mata goma sha ɗaya sunka bi bayanta.

A hanyar gida na ce wa Inna: "Kin gani? Sabo turken wawa." Ta dube ni ta ce: "Wane ne wawan?"

Tambayar nan ce ta sa na rubuta wanga bayani. Mu ɗalibai da mun gama karatu za mu shiga biro, da asibiti, da lakwal, da ƙungiyoyi, kowa da sabon abin da ya koyo. Za mu tarar da mutane sun kafe sun ce a'a. Shin wanda ya ƙi canji mai laifi ne? In kuma ba mai laifi ba ne, mine ne haƙƙinsa a kan mai kawo canjin?

Abin da mutum ke karewa

Mun saba ɗaukar ƙin canji a matsayin cuta: jahilci, ko ƙiwa, ko taurin kai. Amma dubi mutanen da muke zargi. Gwaggon da na ce ba ta son zamani tana da salula, da ita take kiran masu kawo mata gujiya daga ƙauye. Manomin da ake cewa ya kafe kan al'ada, shi ne ya karɓi amalanken shanu da injin ban ruwa ba tare da an yi masa wa'azi ba. Ashe mutane suna canzawa kullum. Abin da suke ƙi wani irin canji ne na musamman: wanda wani ya yanke, ya ɗora musu, ribarsa tana nesa, asararsa kuwa tana bakin ƙofa.

Mai kawo canji riba yake hange. Wanda anka kawo wa, asara yake ƙirgawa. Ni na ga kaye mai tsabta da ƙarshen gardama. Gwaggo ta ga shekara goma sha ɗaya na amana an shafe su da kalma guda, gaban ƙannenta da ɗiyan ƙannenta. Kawo kaye a ranar da ake zargin ta, ai yanke hukunci ne cewa ita ce ta ci kuɗin. Ban faɗi haka ba, amma haka kowa ya ji.

Akwai kuma abin da ban sani ba sai daga baya. Lissafin ka yana da sutura. Macen da mijinta ya kwanta ciwo takan zo wa Gwaggo da dare ta ce wanga mako ba ni da shi, Gwaggo ta rufa mata asiri har ta samu. Wasu kuma ba su son a san yawan abin da sunka tara, don da zarar labari ya isa gida, bukatun dangi za su cinye shi. Kaye a hannun yarinya ƴar shekara goma sha bakwai, wadda ke hira da ƙawaye a bakin famfo, tonon asiri ne. Matan nan goma sha ɗaya ba don son ƙwallon aduwa sunka fita ba. Tsohon tsari yana yi musu wani aiki da ba a faɗi da baki, ni kuwa na zo rushe shi ban ko tambayi aikin da yake yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba.

Darasin itatuwan Maradi

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. Tun zamanin Nasara, dokar gandun daji ta 1935 ta sa daji da manyan itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma, kuma dokar 1974 ta bi sawunta. Manomi yana iya shan tara don ya sare ko ya sassabe iccen da ya tsiro cikin gonarsa. A gefe guda kuma, an daɗe ana koya wa mutane cewa gonar kirki ita ce wadda anka share ƙal. Sai icce ya zama abin da ke jawo maka ma'aikacin gandun daji, amfaninsa kuwa ba naka ba ne. Mai hankali sai ya kashe tsiron tun yana ƙarami. Wanda ya zo daga waje zai ce manoma ba su son itatuwa, alhali lissafinsu daidai yake da dokar da ke kansu.

Furoje-furoje sunka yi ta dashen itatuwa, galibinsu suna mutuwa. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maradi, ya lura cewa ƴan kurmin da ke tsirowa cikin gonaki ba ciyawa ba ne, tohon kututturen itatuwan da anka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai ƙarƙashin ƙasa. In an zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi an bar su, an rage sauran, icce zai tashi ba dashe ba ban ruwa. Shi ne abin da muke kira sassaben zamani. Dabara ce mai arha, wuƙa ko gatari sun isa. Duk da haka manoman farko da sunka gwada, dariya anka yi musu, ana cewa gonarsu ƙazama ce.

Da yunwar 1984 ta zo, anka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin tsiro a gona. Ƙauyuka da dama sunka bi. Da rabon ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan sunka sha gatari. A nan darasi na farko yake: canjin da anka saya da buhun hatsi, ranar da buhu ya ƙare shi ma ya ƙare. Mutane sun yi biyayya, amma ba su yarda ba.

Sai dai waɗanda sunka bar nasu sun ga abin da ido ba ya musu: iska ta rage binne shuka da rairayi, ga iccen girki kusa, ga abincin bisashe da rani, ga hatsi yana kyau ƙarƙashin gawo. Maƙwabci ya leƙa gonar maƙwabci. A lokaci guda ikon ma'aikatan daji a kan iccen gona ya yi ta sassautawa, dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 sunka ƙara wa manomi ƙarfin gwiwar cewa abin da ya raina zai amfane shi. A wurare irin su Ɗan Saga, cikin yankin Agye, mutanen gari da kansu sunka kafa kwamitocin tsaron itatuwa. Masu bincike da sunka duba hotunan sama sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 sun sake yin kore a kudancin Nijar, galibi cikin jihohin Maradi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Manoman da sunka sare a 1985 da waɗanda sunka raina daga baya, ai mutane guda ne. Halinsu bai sake ba. Abin da ya sake shi ne amsar tambayar da kowane ɗan Adam ke yi a zuci: in na yi wahalar nan, wa zai ci? Ita ma hukumar daji ƙungiya ce da sai da ta canza, daga mai kama mutane zuwa mai ba su shawara, kuma wanga canji ya fi na manomi wuya, don ma'aikacin da ƙimarsa take ga tsoron da ake ji nasa, shi ma yana da abin rasawa.

A yi da kai, ko a yi maka

Masu nazarin ma'aikatu sun daɗe da gano haka. A 1948 wasu masana biyu, Coch da French, sunka buga sakamakon gwajin da sunka yi a wata masana'antar ɗinkin kayan barci a jihar Birjiniya ta Amurka. Duk lokacin da anka sake tsarin aiki, sai aiki ya ragu, wasu ma'aikata su aje aikin. Sai anka raba su rukuni-rukuni. Rukuni na farko an tara su an gaya musu sabon tsari kawai. Na biyu sun zaɓi wakilai da anka tsara aikin tare da su. Sauran kuwa kowa da kowa an zauna da shi an ji shawararsa. Rukunin farko aikinsu ya faɗi bai tashi ba, ga ƙorafi, kuma kashi 17 cikin ɗari sunka bar aikin cikin kwana 40. Waɗanda anka shawarci kowannensu, cikin ƴan kwanaki sunka maido aikinsu, har sunka zarce na da.

Girman canjin kusan ɗaya ne, masana'anta guda, albashi bisa ƙa'ida guda. Bambancin shi ne an yi da wasu, an yi wa wasu. Ana iya ɗaukar wanga a matsayin dabarar shugabanci: ka tara mutane, ka bar su su yi magana, sa'an nan ka yi abin da ka riga ka yanke. Da yawa daga cikin tarukan "wayar da kai" da muke gani haka suke. Mutane kuwa ba yara ba ne. Sau ɗaya za ka yi musu, karo na biyu za su zo don kuɗin zama, su tafa maka, su koma ga abin da sunka saba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ƙauyen da furoje biyar sunka zo sunka wuce sun bar allo mai tsatsa a bakin hanya, in ya yi sanyin jiki da na shida, tarihi ne yake karantawa.

Ni a ganina shawara ta wuce dabara, haƙƙi ce. Aikin mutum wani yanki ne na rayuwarsa. Wanda ya shekara ashirin yana yin abu ta hanya guda, hanyar ta shiga jikinsa, da ita ake girmama shi, da ita yake sanin shi wane ne. In za ka taɓa ta, ka taɓa shi. Alamar shawara ta gaskiya guda ce: mai kawo canji ya shigo taro da yiwuwar a sake masa nasa tsarin. In ba zai yiwu maganar mutane ta motsa ko layi ɗaya cikin takardarka ba, sanarwa ka zo yi.

Inda haƙuri ke da iyaka

Kar a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake duk mai ƙin canji yana da gaskiya ba. A babban asibitin Biyana, a ƙasar Ostiriya, akwai ɗakunan haihuwa biyu. A wanda likitoci da ɗalibansu ke aiki, mata masu jego suna mutuwa da zazzaɓi fiye da ninki biyu na ɗakin ungozomai. Wani likita, Ignaz Semmelweis, ya lura cewa likitocin suna fitowa daga fiɗar gawa su wuce kai tsaye ga masu naƙuda. A 1847 ya tilasta wanke hannu da ruwan kilorin. Mutuwar da ta kai kashi 18 cikin ɗari a watan Afrilu ta sauko wajen kashi 2 cikin ƴan watanni. Duk da haka manyan likitoci da yawa sunka ƙi. Yarda da shi na nufin yarda cewa hannuwansu ne sunka kashe matan. Su ma mutuncinsu suke karewa, kamar Gwaggo.

Amma akwai bambanci babba. Wanda ke biyan kuɗin taurin kansu ba ya cikin taro, tana kwance bisa gado. In cutarwar tsohon tsari tana faɗa wa wanda ba shi da murya, majinyaci ko ɗalibi ko talakan da ke jiran takarda a bakin biro, to jin zafin ma'aikaci bai isa dalilin jira ba. Ana iya tausaya masa, ana iya neman hanyar da ba za ta kunyata shi ba, amma hannu dole a wanke shi yau.

Labarin yana da sauran darasi ga irinmu. Semmelweis ya daɗe bai rubuta hujjarsa dalla-dalla ba, littafinsa sai 1861 ya fito. Da anka yi masa gardama, sai ya shiga rubuta wasiƙu yana kiran abokan aikinsa masu kisan kai. Ya rasu a 1865 cikin gidan masu taɓin hankali, kuma sai bayan aikin Pasteur da Lister duniyar likitanci ta rungumi tsabtar hannu da kayan aiki. Yana da gaskiya, amma zagi ya rufe ƙofofin da ya kamata gaskiyar ta bi. Ba shi ne babban mai laifi ba, sai dai mata sun ci gaba da mutuwa a tsakanin shekarun.

Akwai kuma nau'i na uku, wanda kowa ya sani: mai ƙin canji don yana ci cikin duhu. Wanda ba ya son rasit, ba ya son a ƙirga buhunan magazin, ba ya son a manna jerin sunaye a bango. Yaya za a rarrabe shi da mai tsoro na halas? Hanyar da na gano ita ce tambaya: mi kake jin za ka rasa? Mai asara ta halas yana iya faɗin ta, in ba gaban jama'a ba, to a ɗaka, ga mutum ɗaya da ya amince da shi. Kuma in ka kawo hanyar da za ta kare abin, sai ya sauko. Mai ci cikin duhu ba ya iya faɗin tasa asarar. Duk ƙofar da ka buɗe masa sai ya kawo sabon dalili. Amma ba za ka gane wane ne wane ba sai ka zauna ka tambaya. Kuskuren da na yi shi ne na yi wa mai amana irin tarbon da ya dace da ɓarawo.

Yadda ta ƙare

Bayan kwana huɗu Inna ta raka ni gidan Gwaggo. Na durƙusa na ce: "Gwaggo, na yi rashin kunya, ki yafe mini." Ta daɗe tana gyaran gujiya cikin faifai ba ta ɗago ba. Can ta ce: "Ai ni ma na san kaina ya fara gajiya. Bara sau biyu ina tashi tsakar dare ina sake ƙirga. Da ka zo nan ka same ni, da ni zan kai musu maganar da bakina."

Wato ta riga ni sanin canji ya wajaba. Abin da ta ƙi shi ne a tuɓe ta a kasuwa.

Munka zauna ta koya mini tsarin gwangwanayenta, sai na ga lissafi ne cikakke, da wurin zubi, da wurin bashi, da wurin riba. Kayen da ake aiki da shi yau bisa tsarinta anka zana shi. Babu sunan kowa a ciki, kowace mace da alamar da ta zaɓa: tsani, ko wata, ko ludayi. Gwaggo ke faɗi, yarinya na rubutawa, a karanta da ƙarfi kafin a watse. Kaye yana kwana cikin akwati, makulli yana bakin zanen Gwaggo. Wadda ta kasa zubi tana gaya wa dattijai uku da anka zaɓa, magana ta tsaya nan.

Ba komai ya gyaru ba. Cikin goma sha ɗayan nan, takwas sunka dawo, uku sun shiga wata ƙungiya, kuma ɗaya daga cikinsu har yau in na gaishe ta da ƙyar take amsawa. Jika biyun da anka yi gardama a kansu ba a gano gaskiyarsu ba, ƙungiya ta raba asarar. Da na fara da zaman ɗaka kafin tsayuwar taro, watakila da ukun nan suna nan.

Ƴan'uwa ɗalibai, ana cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma gaskiya ne. Amma kafin mu ɗaga murya a kan waɗanda ƙafarsu ta yi nauyi, mu tambayi kanmu abu uku. Wane aiki tsohon tsari ke yi da ban gani ba? Wa zai yi asara, kuma na dube shi ido da ido na faɗa masa? Wa ke cutuwa in an jira, kuma yana da bakin magana? Amsar ta farko da ta biyu suna koya mana sannu. Amsar ta uku ita ke gaya mana ranar da sannu ta zama zalunci.

Mu kuma tuna cewa sabo bai san tsufa ba. A cikin ƙungiyarmu ta marubuta, ranar da wata ta kawo shawarar a riƙa ba wani rubutunka ya gyara kafin a kai fotokopi, mu nawa munka ɓata rai? Ni ina ciki. Nan da shekara talatin, in Allah ya kai mu, wani yaro zai shigo biro da abin da ba mu iya ba, ya ce zamaninmu ya wuce. Yadda muke so ya yi mana ranar, haka ya kamata mu yi wa waɗanda munka tarar yau.

Allah ya ba mu ikon gyara, ya kuma ba mu ladabin yin sa.